Saƙon Da Ya Zama Talla

A wani ɗakin karatu na makarantar Islamiyya da ke unguwar Zongo ta birnin Kwatano ne Zinariya ta fara ganinsa, ranar Asabar ta ƙarshe a watan Disamba.

Taron shekara ne na ƙungiyar Alƙalamin Kasuwa, samari da 'yan mata masu rubuta wa 'yan kasuwar Kwatano talla a WhatsApp da Facebook, da Hausa da Faransanci. Bilan suke ce wa taron. Kowa zai miƙe ya faɗi abin da shekara ta ba shi da abin da ta ƙwace, sannan ya faɗi burinsa na baɗi.

Zinariya sabuwa ce, don haka ta rakuɓe a bencin baya. Tanti Chérifa, wadda ta kafa ƙungiyar, ta buɗe taro ba tare da murmushi ba.

"Kada wanda ya yi mana kwalliya da magana yau. An rufe iyakar Nijar, kaya ba sa sauka, 'yan kasuwa sun daina kiranmu. Kowa ya faɗi gaskiyarsa."

Aka yi ta miƙewa ana zama. Wani ya ce masu ba shi aiki sun koma sa wayarsu ta rubuta musu talla kyauta. Wata ta ce ta koma sayar da atamfa. Rafiou kaɗai ya zo da fara'a, domin wani kamfanin talla a unguwar Cadjèhoun ya ɗauke shi aiki.

Sai wani dogon saurayi ya miƙe, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga.

"Sunana Maharazu, daga unguwar Ladji, bakin tafki. Bana na rubuta tallar kifin da mahaifiyata ke ƙyafewa, aka saye tas. Shi ne kaɗai abin da nake alfahari da shi. Burina baɗi in fitar da ita daga bakin ruwa kafin damina."

Ya zauna. Zinariya ta ga ta kasa ɗauke ido daga ƙeyarsa.

Da aka tashi, ta tsaya bakin titi tana jiran zem, wato ɗan acaɓa. Maharazu ya zo ya tsaya nesa kaɗan.

"Malama, ban ji burinki ba."

"Ban faɗa ba. Ba ni da shi tukuna."

"To a ba ni izini in riƙa tambaya har a samu."

Ta sunkuyar da kai. Kafin babur ya tsaya, ta ba shi lambarta.

Soyayyarsu ta tashi a hankali, rabinta aiki. Takan tura masa abin da ta rubuta na turaren wutan mahaifiyarta, ya gyara mata, ta ce ya cika tsawaitawa, ya ce ita kuma ta cika rowar kalma. Yana kiranta Zinarina, ita kuma tana ce masa Razu. Cikin azumi, wata rana da la'asar, saƙonsa ya shigo:

"Zinarina, ɗazu kin wuce ta gaban shagon tela ba ki gan ni ba. Idan kin wuce, titi yakan daɗe bai manta da ke ba. Ni kuwa ban ma san ta inda ake fara mantawa ba."

Ta karanta har ta haddace. Ta amsa masa:

"Razu, kana azumi kana irin wannan magana? Allah ya shirye ka. Kar ka daina."

Bayan ƙaramar Sallah kawunsa ya zo gaida mahaifinta. Malam Zakari dillalin albasa ne, mutumin Tawa, ya tsufa a kasuwar Kwatano. Ya karɓi baƙo da mutunci, amma da ya shigo gida fuskarsa a ɗaure take.

"Mece ce sana'ar yaron nan?"

"Rubutun talla yake yi, Baba."

"Na ji. Ina shagonsa? Ina kayansa? Me zan taɓa da hannuna in ce ga abin da zai ciyar da 'yata?"

Bai jira amsarta ba ya ci gaba.

"Magana yake sayarwa. Ba zan ba mai sayar da iska 'yata ba. Kuma gidansu kowace damina a cikin ruwa yake kwana."

Inna Mamata, mahaifiyarta, ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Maganar ta mutu a nan.

Ba su rabu ba, amma komai ya yi nauyi. Rafiou kuwa ya soma zarya. Yakan tsaya da sabon babur ƙofar gidansu, ya gaida Malam Zakari har ƙasa, ya ba shi labarin ofishinsu mai sanyi. Zinariya tana gaishe shi don ladabi, ta shige ciki.

Da ruwan watan Satumba ya sauka, tafki ya cika ya haura gidajen Ladji. Saƙonnin Maharazu suka ja baya. In ta kira, ya ce yana nan lafiya, aiki ne ya yi yawa. Bai gaya mata cewa mahaifiyarsa ta kwanta ba. Ita kuma ta ɗauka maganar Baba ce ta sanyaya masa gwiwa.

Ana haka Rafiou ya turo mata wani ɗan bidiyo, tallar turare ce. Wata mace tana tafiya a hankali cikin kasuwa, murya tana cewa da Hausa: "Idan kin wuce, titi yakan daɗe bai manta da ke ba."

Ƙarƙashinsa ya rubuta:

"Ki yi haƙuri, Zinariya, amma gara ki sani. Maharazu ne ya rubuta mana wannan. Tun tuni yake da ita a ajiye. Haka yake yi, sai ya gwada talla a kan 'yan mata, in ta kama su ya kawo mana."

Ta zauna bakin gado. Kafin mako ya zagayo tallar ta cika Zongo. Mata na turawa juna, masu shago na tsokanar 'yan mata da ita, har allon talla aka kafa a mahaɗar Sainte-Rita da fassarar Faransanci. Abin da take ɓoyewa a zuciya kamar zinare ya zama abin wasan kowa.

Ta rubuta wa Maharazu saƙo ɗaya:

"Kai ka rubuta tallar turaren nan?"

"Ni ne."

"Shi ke nan. Kar ka ƙara nemana."

Ta toshe lambarsa.

A watan Nuwamba aka sanar a zauren ƙungiya na WhatsApp cewa mahaifiyar Maharazu ta rasu. Zinariya ta bi Tanti Chérifa zuwa gaisuwa. Suka taka katakai da aka jera bisa laka, suka shiga wani ɗaki da shatin ruwa ke bango har gwiwa. Murhun ƙyafe kifi yana waje, ya rushe. Maharazu ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Allah ya jiƙanta," in ji ta, idonta a ƙasa.

"Amin. Na gode da kika zo."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. A hanyar komawa ta yi kuka a bayan ɗan zem, ba ta san ko na tausayi ba ne ko na haushi.

A gida ma babu daɗi. Albasar da Malam Zakari ya sa duk ƙarfinsa a kai ta maƙale a bakin kogi, can wajen iyaka, tana jiran a ƙetarar da ita har ta ruɓe a buhu. Tun daga nan ya rage fita. Yakan wuni a zaure da carbi, ba ya ko kunna rediyo.

Disamba ta zagayo, aka sake kiran bilan. Zinariya ta so ta ƙi zuwa, Tanti Chérifa ta ce ko ba ta da abin faɗa ta zo ta cike benci, don mutane sun ragu.

Gaskiya ne, ɗakin ya yi musu yawa. Wasu sun tafi Lome, wasu sun bar sana'ar.

Rafiou ya fara miƙewa, yana gyara agogo.

"Ni dai bana ta yi kyau. Kun ga tallar turaren nan. A watan Satumba mai kayan ya matsa mana, ba mu da komai a hannu. Na tuna Maharazu yana ta roƙona aiki saboda kuɗin asibiti, na kira shi na ce ya kawo kalma ɗaya mai taɓa zuciya kafin gobe. Ya ce kansa ba ya aiki, na ce to zan ba wani. Washegari sai ga ta. Darasin shi ne, matsi yana fitar da gwaninta."

Ya zauna yana jiran tafi. Ba wanda ya tafa.

Zinariya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Satumba. Ita kuwa cikin azumi aka rubuta mata, tun ba a san da wani turare ba. Ta juya ta dubi Rafiou. Sai a lokacin ya tuna abin da ya gaya mata, ya kau da kai yana latsa waya.

Maharazu ya miƙe a ƙarshe.

"Bara na ce zan fitar da mahaifiyata daga bakin ruwa. Ban fitar da ita ba, sai a makara. Kuma na sayar da abin da ba nawa ba ne. Na riga na ba wata shi kyauta, na koma na ɗauko na kai kasuwa. Maganin da na saya da shi bai hana komai ba. Burina baɗi in ajiye rubutu. Akwai mai ba ni aikin lodi a garin Paraku."

"Zauna tukuna," in ji Tanti Chérifa. "Saura mutum ɗaya. Zinariya, bara kin gudu ba ki ce komai ba."

Zinariya ta miƙe.

"Bana na koyi cewa ina saurin yanke hukunci. An gaya mini magana a kan mutum, ban tambaye shi dalili ba. Shi ma ya yi laifi, ya ɓoye mini halin da yake ciki, ya ɗauki abina bai tambaye ni ba. Da ya tambaya, da na ce ya ɗauka." Ta share ido da gefen mayafi. "Burina baɗi, kada ƙungiyar nan ta rasa Maharazu. Ni ma kada in rasa shi."

Rafiou ya tashi ya fita, bai yi sallama ba.

A waje, ƙarƙashin inuwar bangon makaranta, Maharazu ya kasa haɗa ido da ita.

"Zinarina, ba ni da komai yanzu. Ko ɗakin da zan sa ki babu."

"Na gani da idona. Me ya sa ba ka gaya mini Innarka ba ta da lafiya ba?"

"Baba ya ce iska nake sayarwa. Na ji kunyar in zo miki da shaidar hakan."

"To daga yau kunyar nan ta ƙare. In ka sake ɓoye mini ciwo, a nan ne za mu ɓata da gaske."

"Na yi alkawari. Ki yafe mini."

"Na yafe, Razu. Kai ma ka yafe mini."

Bai tafi Paraku ba. Tanti Chérifa ta haɗa su aiki da wasu mata masu sayar da kayan yaji, ba mai yawa ba ne, amma yana shigowa. Ya kama ɗan ɗaki a Zongo, nesa da ruwa.

Saura Baba. Inna Mamata ce ta same shi a zaure bayan azahar, Zinariya tana jin su daga tsakar gida.

"Malam, yarinyar nan ba ta da wani zaɓi sai shi. Yaron ya goya uwarsa a baya cikin ruwa har bakin titi. Duk Ladji sun shaida."

Malam Zakari ya daɗe yana jan carbi.

"Kira mini ita."

Ta zo ta durƙusa. Ya dube ta da idanun da suka faɗa.

"Na ce sana'arsa iska ce, don ba a taɓa ta da hannu. Tawa sana'ar da ake taɓawa ga ta can ta zama taki a bakin kogi. Ban san komai ba game da gobe, 'yata. Abin da na sani, wanda ya goya uwarsa ba zai yar da matarsa ba. Ki ce kawunsa ya dawo."

Zinariya ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, ya dafa kanta bai hana ta ba.

Bayan Sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ba a yi wani shagali ba, shekarar ba ta bar wa kowa ƙarfin haka ba. 'Yan ƙungiya suka jera kujeru, matan Ladji suka zo da kifi a kwanduna don tunawa da ƙawarsu, mahaifiyar ango.

Da yamma aka kawo ango ya yi sallama da iyayen amarya. Ya durƙusa gaban Inna Mamata, ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya tuna wadda ya kamata a ce tana zaune a gefenta. Kalma ta ƙi fita. Mai rubutun da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Inna Mamata ta kamo hannun 'yarta ta sa a nasa.

"Ba sai ka ce komai ba, ɗana. Uwa ɗaya ta tafi, ga wata a Zongo, ƙofarta a buɗe. Ku tashi ku je. Allah ya jiƙan wadda ta haife ka, ya sanya alheri a tsakaninku, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa shekarun da ke gaba su fi wannan sauƙi."

Daga zaure muryar Malam Zakari ta amsa, a hankali:

"Amin."