Tikitin Paris a Aljihun Amarya

Ranar da aka ce Halliru tela ya fito neman auren Karimatu, Gwaggo Dela tana tsintar shinkafa a tsakar gida ta kafa doka: 'yar Alhaji Wada, sarkin fawan Garwa, ba za ta tare ba sai da rigar Paris a lefenta, irin ta matar sufurefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin. Karimatu ta ci kuka ta ƙoshi, don ta san dukiyar Halliru kaf keken ɗinki ne guda, shi ma sai da lallashi yake tafiya.

Halliru bai ja da Gwaggo ba. Ya shiga layin 'yan gwanjo ya zaɓo riguna uku, ya farke su, ya ɗauki hannu a nan, wuya a can, ya haɗa wata shuɗiyar riga mai ɗaukar ido. Kwana uku tana shan turaren wuta don a kashe warin dilar gwanjo. Aljihu ɗaya kawai ya bari yadda ya same shi, saboda ɗinkin ya burge shi.

Ranar ganin lefe Gwaggo ta shinshina, ta ja ɗinki, ta rasa abin kushewa. Tana zura hannu a aljihu sai ga 'yar takarda. Aka miƙa wa maƙwabciyarsu Madam Françoise, malamar lekol, wato makarantar boko, ta ce tikitin jirgin ƙasa ne na birnin Paris.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Kun gani? Har da shaidarta ta zo!"

"Pardon, Gwaggo, ai an huda shi," in ji Françoise. "Mai rigar ta farko ta riga ta hau jirginta da shi."

Guɗar ta tsaya cak. Gwaggo ta rantse an fasa auren.

Da la'asar Alhaji ya kira Halliru zaure. Halliru bai ɓoye komai ba, har asalin kowace riga sai da ya zayyana. Alhaji ya juya rigar ciki waje, ya daɗe yana neman mahaɗa, bai gani ba.

"Shekara talatin ina rarraba saniya, ban taɓa iya mayar da ko ɗaya yadda take ba," ya ce. "Kai ka haɗa uku sun zama ɗaya, kuma ba ka yi mini ƙarya ba. Na ba ka, yaro."

Gwaggo ta yi fushin mako guda, sannan ta aika masa da ƙunshin tsofaffin zannuwanta, wai a gyara, amma kada kowa ya ji.

Saurayin da ke da sana'a a hannu da gaskiya a baki, 'yan mata, shi ne mai lefen da ba ya tsufa.