Taɓaryar da Ta Tsaya a Sama

Da magariba na karɓo kwamfuta daga shagon Cyprian, inda na kai ta caji. Ta yayana Joel ce, soja, da ya rasu bara. Kwanan nan na dawo gida Zuru bayan na daɗe rabona da garin, amma har na ɗaure jaka, da safe sai Legas.

Mama na dakan dawa a tsakar gida. Ta ce, "Dominic, kai dai ƙafarka ƙaiƙayi take."

Na zauna bakin ƙofa in ƙarasa wani aiki. Manhajar da nake rubutawa na da kuskure, sai na buɗe dibaga, abin da ke tsayar da manhaja cak don a leƙa cikinta. Na so in maƙala wa umarnin "ci gaba" ƙugiya, wato ɗan umarnin da ke riga shi aiki. Ta ƙi kamawa. Wai akwai wata a wurin.

Ni ban sa ba.

Na tsayar da manhajar in duba.

Dakan ya ɗauke.

Gyare ya yi shiru. Hayaƙin murhu ya sandare. Mama na tsaye, taɓarya a sama, ido buɗe. Ƙirjinta ba ya motsi.

"Mama?"

Na buga "ci gaba". A dibaga, in ƙugiya ba ta gama ba, umarnin ba ya tafiya. Sai rubutu ya fito: *Za ka zauna?*

Na goge ƙugiyar. Ta dawo. Alamar batir ta yi ja.

Warin man takalmin soja ya cika mini hanci. Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata.

"Dominic," aka raɗa, da muryar Joel. "Wa za ka bar wa Mama?"

Ban waiwaya ba. Leɓen Mama ya fara yin toka.

Na rubuta: *Zan zauna.*

Tim! Taɓarya ta faɗa turmi. Mama ta yi tari, ta harare ni. "Kallon mene ne? Miƙo mini faifai."

Na kwance jakar. Ban sake kunna kwamfutar ba.

Sau ɗaya Cyprian ya aike ni tasha da saƙo. Ina taka motar Kontagora don in miƙa wa direba, ihun 'yan kamasho ya ɗauke ɗif.

Na sauko da baya. Da gudu na koma gida.