Basisar da Muka Dama a Jadu

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta komai ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu. In na yi kuskure, ku rufa min asiri.

"Baba, don Allah... yatsa ɗaya ne fa!"

A durƙushe nake gabansa, cikin dogon ɗakin sansanin Jadu a ƙasar Libiya, inda sojojin Italiya suka jibge mu bayan sun kwaso mu daga Bangazi, don kawai mu Yahudawa ne. Sun riga sun gudu da bulalarsu, amma sun bar mana yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata.

Yammacin shigowar watanmu na Nisan ne, ranar da ake dama basisa. Baba ya samo ɗan garin sha'ir da man zaitun. Kowa zai miƙa yatsa bisa kwano, a zuba mai, mai gida ya dama da mabuɗin ƙofarsa. Wanda yatsansa bai shiga kwanon kowa ba, ba ya ganin ƙarshen shekara. Haka muka taso muka ji.

Rahmin kuwa, saurayin da nake so, ba shi da kwano. Duk 'yan gidansu sun mutu, shi ya kai su rami ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan ya zama mai ɗaukar gawar kowa.

"Mai ɗaukar gawa?" Gwaggo Zula ta tafa hannu. "A kwanon da yara za su ci? Yaya, kada ka biye wa Gazala, littattafai sun juya mata kai! Ga ɗana Bino nan, ɗan gida, me ya rasa?"

"Kunya ya rasa, Gwaggo," na ce a hankali. "Da Mama ta rasu, bayan ɗaki ya ɓuya."

"Kun ji ta ko? Shiru-shiru, ashe da baki!"

"Ya isa!" in ji Baba. "Kwano na 'yan gida ne."

Muka zagaye kwanon. Baba ya ciro mabuɗin gidanmu, gidan da ba mu san ko yana tsaye ba. Ya ɗaga man, sai ya tsaya yana kallon yatsun. Babu na Mama. Babu na yayana Huwato.

"Wa ya ɗauki gawar Huwato?" ya tambaya.

Kowa ya san Rahmin ne.

"Gazala... je ki kira shi."

Ban san da gudu nake ba sai da na kai gindin wayar shingen sansanin. Yana zaune ya jingina da turke.

"Malama mai littafi," ya yi murmushi, "yau ke ce da gudu?"

"Taso, Rahmin! Baba ya yarda!"

"Tsaya nan. Kada ki matso, hasken idona."

Ya buɗe wuyan rigarsa. Jajayen ƙurajen zazzaɓin ƙwarƙwata sun cika ƙirjin.

Na durƙusa inda nake.

"Ba komai... ka taso, in ka sa yatsa za ka warke!"

"Yara su ci bayana? Haba, Gazalata."

"To ni fa? Ni fa, Rahmin?"

"Ke dai ki daina karatu a duhu. Wa zai auri makauniya?"

Kuka nake, shi kuma yana neman sa ni dariya.

Sai na ji taku. Baba ne, da kwanon a hannu, Gwaggo na biye tana ihu: "Yaya, ka haukace? Za ka kashe mu!"

Bai waiwaya ba. Ya durƙusa gaban Rahmin.

"Miƙo yatsanka, ɗana."

"Baba, ina da..."

"Na gani. Tsufa na yi, ban makance ba. Sauran sun haƙura da basisa bana. Gazala, kawo naki."

Man ya gangaro kan yatsana, ya sauka kan na Rahmin, ya ɗiga cikin garin. Jikinsa zafi kamar garwashi. Baba ya juya mabuɗin yana addu'a, ya roƙi Allah Mai buɗewa ba da mabuɗi ba ya buɗe mana.

"Na ba ka ita," ya ce. "Ka ji? Taka ce."

Rahmin ya lumshe ido.

"Ashe ina da gida," ya ce.

Bai kai Idin Ƙetarewa da muke yi a tsakiyar watan ba.

Da safen da za a fita da shi aka rasa mai ɗauka, tunda aikinsa ne. Baba ya kama gaban makara. Can sai Bino ya fito, kansa a ƙasa, ya kama baya.

Mata ba sa bin gawa a wurinmu. Suka zaunar da ni a ƙasa, suka kewaye ni suna kuka, har da Gwaggo.

Na bari kukan ya yi ƙarfi, kowacce ta rufe fuska. Na cire takalmina, na bi ta bayan ɗakin, na nufi tudun da suka hau da shi.