Autin a Gonar Inna Zara'u

Ikram na tankaɗen gari a tsakar gida a Mayahi sai ga mahaifinta, Malam Sama'ila, ya faɗo ko sallama babu. Ya dangwara mata waya a gaban hanci.

"Mi ne ne wanga?"

Hotonta ne da Muzammil, malamin lakkol, wato makarantar boko, na Tasawa wanda aka sa musu rana. Suna zaune gindin gawo, su biyu rak, an rubuta "autin" a ƙasa.

"Baba, autin ɗan fita ne kawai, a sha iska a komo kafin la'asar. Muzammil ya kwaso kalmar a Katsina. Gonar Inna Zara'u muka tahi a ƙauyen Cake, muka gasa tumu, ita ma tana wurin!"

"Ina take a nan? Ɗan uwanki Bature ya ce autin ɗin ku na yaran zamani shiga daji ne ba mai gani. Aure na fasa shi!"

"A tambayi Inna mana!"

"Tsohuwar da ke ɓoye laifinki tun kina rarrafe? Ba ni tambaya!"

Kafin magariba an mai da goro da akwatin sa rana. Ikram ta yi kuka har muryarta ta dishe, kukan kuma ya koma wuta. Bature ɗan baffanta ne, ya neme ta ta ƙi shi. Shi ya kai su gonar, shi ya ɗauki hoton yana washe baki, ashe yanke tsohuwar zai yi.

"Wallahi sai na rama!" ta ce wa Muzammil a waya. "Tasha zan same shi gaban abokansa 'yan moto, in yi mishi tonon da ba shi ƙara ɗaga kai a garin nan!"

"Ki yi haka, Baba ya ce ga shaida, ba ki da kunya. Don Allah ki daure, ma sheri, masoyiyata."

Ta daure, amma fa dauriya ce ta cizon leɓe. Sati biyu ko ruwan alwala ba ta miƙa wa Bature ba, shi kuwa mara kunya kullum yana gidan, wai ya zo jaje.

Ranar kasuwa amalanke ya sauke Inna Zara'u, kakar Ikram, da damin gero biyu. Da ta ji labari ba ta yi rantsuwa ba, hoton kawai ta ce a ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Sama'ila, zo nan. Wagga ƙwarya da ke gefen tabarma, ta wa ce?"

Ya duba. Ƙwaryar fura ce mai ɗinki uku, wadda mahaifinsa ya ɗinke da hannunsa shekarar da ya rasu. Duk dangi sun san Inna ba ta yarda ƙwaryar nan ta yi taku ɗaya ba tare da ita ba, ko jika ba ya taɓa ta.

Malam Sama'ila ya zauna daɓas a ƙasa. Bature ya soma laluben takalmi.

"Tsaya nan, ɗan nema!" in ji Inna. "Ka yanke ni, ka mance ƙwaryata? Ikram, ke aka zalunta. Faɗi abin da za a yi mishi."

Duk zagin da ta tara na sati biyu ya taho mata har maƙoshi. Ta haɗiye shi, ta yi murmushi.

"Shi za ya ɗauki hotunan bikina, tun daga kamu har kai amarya. Kuma kowa ya fito a ciki."

Haka aka yi, Malam Sama'ila ya janye maganarsa, aka sake sa rana. Mai haƙuri ba ya rasa ranarsa, mai ƙulla sharri kuwa da hannunsa yake barin shaida. Ranar da aka kai amarya Tasawa, Inna ta zauna tsakanin ango da amarya, ƙwarya a cinya, ta daka wa Bature tsawa:

"Ja da baya, kada ka sake yanke ni!"