Fayil ɗin Yaya

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwaji, da ƙarfinsa ya miƙa hannu, yana ganin allura ya kau da kai yana salati. Auta ta danne dariya. Shekara shida tana wannan aiki: ta haɗa jinin mai ba da ƙoda da na mai karɓa, ta duba ko garkuwar jikin majinyaci za ta amince da baƙuwar ƙodar ko za ta yaƙe ta. Amma ba ta taɓa ganin ƙato mai tsoron allura irin wannan malamin lissafin ba.

"Wa za ka ba wa?" ta tambaye shi.

"Yayata. Ita ta raine ni."

Gwaji ya nuna jikin yayar zai ƙi ƙodarsa, aka sa ta a layin jira. Sai dai malam bai daina zuwa ba. Yau tambaya, gobe gaisuwa, jibi ga saƙo a waya:

"Likitata, na tsaya gaban allo na manta abin da zan rubuta. Ɗalibai sun ce a gaishe da wadda ta jawo."

Sau uku ta karanta. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Abbanta ne ya fara jefa mata shakka. "Yayarsa tana layi, ke kuma duk ƙodar da aka samu ta hannunki gwajin ke bi. Auta, ki buɗe idonki." Wani likitan tiyata da ya daɗe yana kewaye-kewaye ba ta ba shi fuska ba, shi ma ya ƙara gishiri: "Ai irinsu mun saba gani."

Tun daga nan duk abin da malam ya faɗa sai ta auna shi. In ya ce "ya aiki?" sai ta ji kamar layi yake tambaya. In ya ambaci yayarsa, sai zargin ya ƙaru. Da abin ya ishe ta, ta roƙi shugabar sashe ta ba wani ma'aikaci fayil ɗin yayar, sannan ta rubuta masa:

"Daga yau ba ni da hannu a maganar Yaya. Ko jininta ba zan sake gani ba."

Amsa ta zo: "To, na gode."

Gaisuwa ta koma sama-sama, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Mako bakwai. Auta ta sha kuka a bayan firjin ajiye jini, inda ƙarar injin ke rufe mata asiri. Abba bai ce "na gaya miki" ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

Rannan da hantsi saƙo ya shigo:

"Likitata, ina asibitin ƙetaren gada, ɗaki na huɗu. Ki zo, amma kar ki ba ni dariya, akwai ɗinki."

Ta same shi kwance, ya rame. Ashe musanyar ƙoda aka yi. Wata mata ce ƙodar mijinta ba ta dace da ita ba, ta malam ta dace, ta mijin kuma ta dace da Yaya.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na ga irin kallon da kika koma yi min. Na ce ba zan sake tsayawa gabanki ba sai ba ni da bukatar komai a hannunki."

"Na zarge ka," ta ce.

"Na sani. Ya fi wannan ɗinkin zafi." Ya dube ta. "Yanzu Yaya ta samu. Ni kuma ga ni, har yanzu ke nake nema."

Washegari Abba ya zo dubiya da kansa. Ya zauna a gefen gado ya ce, "Ni na sa mata zargin, ɗana. In za ka riƙe wani, ni za ka riƙe."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Yaya ta ƙi zama, ta ce ta gaji da kwanciya. A tsaye ta kama hannun Auta ta ɗora a na ƙaninta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da zargin juna."

Auta ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.