Tirigar da Ta Gaida Kowa

Ranar da ta fara aiki a ofis, Dogo yana fama da wani dogon furosija, wato jerin umarnin kwamfuta, da ya ƙi tashi. Ya ɗaga kai, sai ga budurwa mai gilashi tana leƙa allonsa.

"Ka manta waƙafi a layin can," ta ce.

Shi ke nan, Dogo ya kamu. Matsalar ita ce bakinsa ba ya aiki sai gaban kwamfuta, ga wani akanta mai turare kullum yana zarya a teburinta.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya rubuta tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa a rumbun bayanai. Da ta ɗora yatsa a na'urar shiga ofis, saƙo zai faɗa wayarta: "Barka da zuwa, sanyin idona. Ofis ya yi haske."

Don rawar jiki, bawan Allah ya manta sharaɗin da zai ce ita kaɗai.

Washegari maigadi ya samu. Akanta ya samu, har da gyara kwala. Manaja ma an tura masa, kuma manaja mahaifinta ne.

Ta rubuto masa: "Ashe masu sanyaya maka ido suna da yawa."

"Wallahi ke kaɗai ce, Gilashina. Sharaɗi na manta."

"Na buɗe tirigar, na ga sunana a samanta. Na huce. Amma Baba na nemanka."

Dogo ya shiga ofishin manaja, ya riga ya fid da rai da aikin da budurwar gaba ɗaya.

"Mutumin da ba ya gwada aikinsa ba zai auri 'yata ba," in ji manaja. Sai ya rage murya. "Amma kafin na kore ka, biyo ni. A gida na manta wayata, mamarta ce ta karanta, ta ce budurwa na yi."

A falo Dogo ya durƙusa, ya buɗe kwamfuta yana bayanin tebur da layi na rumbun bayanai. Mama ta katse shi.

"Ɗana, bar wannan. Wa kake so?"

"'Yarki, Mama. Sosai."

Ta juya ga mijinta. "To in gaskiya ne, ka ba shi ita yanzu. In ka ƙi, na san haɗa baki kuka yi."

"Na ba shi," manaja ya ce tun kafin ta rufe baki.

Ranar ɗaurin aure Mama ta yi ta sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk taron babu wanda ya kai manaja ƙarfin amin.