Hayaƙin Dela a Kan Dutse

A zamanin da Sarki Hussaini ke mulkin Dutsen Gamji, wani gari mai ganuwa da tsofaffinmu ke cewa yana cikin duwatsun da ke tsakanin Roni da Gwiwa, da kaka bayan an gama yankan gero, aka yi wani abu da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi kafin dariya ta zo.

Mahara sun dami Hussaini da maƙwabcinsa Sarki Bunu na Rafin Marke, sai suka yi rantsuwa: wanda aka kawo wa hari ya ta da hayaƙi a kan dutsen garinsa, ɗayan ya hau doki ba tambaya. Kowa kuma ya ba da ƙaninsa ya zauna a fadar ɗayan, in aka ci amana wuyan ƙanin ne zai biya. Bunu ya aiko Halliru. Ƙanin Hussaini kuwa zazzaɓi ya yi ajalinsa a can. Bunu ya yi ta aike a kawo madadinsa, Hussaini yana ta cewa sai bayan damina. Damina ta wuce, shiru kake ji.

Ran nan da hantsi masu tsaron ƙofa suka hango dawakin Rafin Marke sun nufo gari, da sulke da masu, babu ɗan aike a gaba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hussaini ya miƙe ya ce, "Bunu ya gaji da jira, ya zo karɓa da takobi." Ya sa aka rufe ƙofa, aka ɗaure Halliru aka hau da shi kan ganuwa, dogari na tsaye a bayansa da takobi zare.

Bunu ya iso bai ga maharbi ko ɗaya na abokan gaba ba, sai ƙaninsa a ɗaure. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya ɗauka tarko aka ɗana masa, ya ce wa 'yan baka su ɗana kibau. Na kan ganuwa su ma suka ɗana. Wallahi da wani ya yi tari a lokacin, da an yi ɓarna.

Halliru ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, don Allah me ya kawo ka?"

"Hayaƙinku ya kawo ni! Tun da sassafe yake tashi a kan dutse."

Hussaini ya dubi Madawakinsa, Madawaki ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu kunna komai ba." Aka tura a duba. Can sai ga dogarai sun sauko da wata tsohuwa mai suna Dela, da ƙwarya a kanta, tana ta masifa. Ashe karan gero ta tara ta ƙona don ta tace tokar miya. In ta ƙona a ƙasa awaki na tone mata tokar, shi ya sa ta kai bisa dutse.

Ta durƙusa gaban Hussaini ta ce, "Allah ya ja zamaninka, to miyar kukar da kake sha, da me kake zaton ake yin ta?"

Wani ya kece da dariya a cikin rundunar Bunu, kibau suka fara sauka. Amma takobin nan bai bar bayan Halliru ba, domin magana ba ta ƙare ba.

Bunu ya matso gindin ganuwa ya ce, "Dawakina sun sha tafiya a banza. Harawarsu a kanka take. Ƙanina kuma da shi zan koma."

Hussaini ya ce, "Harawa ka samu, har da dawa. Amma in Halliru ya tafi, me zai riƙe alkawarin?"

"Wa kake da shi a hannuna yau da na zo? Hayaƙi kawai na gani, na bar garina ba kowa."

Kunya ta rufe Hussaini. Ya karɓi wuƙa daga dogari ya yanke igiyar da hannunsa, ya ce a buɗe ƙofa. Aka ce da Halliru ya taka ƙasa sai ya zauna daɓas yana ta hamdala. Daga ranar aka daina ba da ƙani, aka kuma hana ƙona kara a kan dutsen. Dela dai aka gina mata ɗan shinge don awaki.

Haka magabata suka ba mu, Allah ne masani. Ganuwar ta daɗe da rushewa, sarautar ma babu wanda ya gaje ta. Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda mai laifi ke ganin takobi a hannun wanda ya zo taimakonsa. Abin da ya rage shi ne wasa. Har gobe a kasuwar Roni, in jikan Rafin Marke ya sauka daga kan babur ya ga na Dutsen Gamji, sai ya ce, "Yau ma mun zo, ina yaƙin?" Shi kuma ya amsa, "Yana cikin tukunya, zauna a zuba maka."